Kwamfuta Ba Ta San Mudu Ba



Tun da na dawo gida daga Ingila, tsofaffin abokan aikina ke tambayata: yanzu da GitHub Copilot ya fito a 2021, ChatGPT ya biyo baya a 2022, me ya rage wa mai rubuta manhaja? To ga amsata daga Kumbashi, ƙasar Kontagora.

Ina haɗa wa wani ɗan uwana mai sayen hatsi 'yar manhajar lissafi a waya. Gaskiya mataimakin nan akwai sauri, aikin yini guda kafin shayi ya huce ya zubo shi. Amma fa da kilo yake awo, mu kuwa da mudu da buhu muke ciniki, kuma mudun wannan kasuwa ba lallai ya zo daidai da na waccan ba. Yana neman sunan iyali da lambar gida, alhali Sani uku ne a littafinmu, sunan ƙauye ko laƙabi ke raba su. Ya ɗauka intanet ba ta yankewa. Wurin neman suna kuwa, wanda aka rubuta da ɗ, in ka buga d ba za ka same shi ba.

Duk wannan in ka faɗa masa zai gyara. Matsalar ita ce da wuya ya tambaya, kuma kuskurensa da tsabta yake zuwa, kamar daidai. A nan kuwa kuskuren layi ɗaya na iya ɗora bashin wani Sani a kan wani Sani. Manomi ya yi asarar guminsa, ɗan uwana ya zubar da amanar da ya yi shekaru yana ginawa.

Ko a can waje haka abin yake. A 2025 cibiyar METR ta gwada ƙwararru 16, aka ga da mataimakin aikinsu ya ƙara ɗaukar lokaci da kashi 19 cikin ɗari, su kuwa suna jin sun ƙara sauri.

Ni dai ina amfani da shi kullum, kamar yaron shago mai hazaƙa wanda ya zo garin jiya. Zama a rumfa, da jin yadda ake ciniki, da duba kowane layi, wannan nawa ne. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Shi wannan ko zuwa bai taɓa yi ba.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Ku huta lafiya.