Ranar da Ruwan Kifina Ya Gudu

Ni dai tun ina yaro Allah ya ɗora mini son kifi, ba na ci ba, na kallo. Saboda haka da na kama haya a Chanchaga cikin 2019, sai na sa mai yankan gilashi ya haɗa mini akwati mai cin ruwa garwa goma sha biyu, na girke a falo. Na zuba karfasa takwas da 'yan tarwaɗa biyu, waɗanda wani masunci ya kamo mini a Kogin Chanchaga.

To, kifi cikin ruwan da yake zaune nan yake bayan gida, in ba a tace ba kuwa dafin ya kashe shi. Don haka na sa duro ƙarƙashin teburin, na shimfiɗa tsakuwa da yashi da gawayi a ciki. Ruwa ya kan tsiyayo ta wata kafa kusa da leɓen akwatin, ya bi ta cikin tsakuwar, sa'an nan wani ɗan injin lantarki ya mai da shi sama ta tiyo. Cikin tsakuwan nan akwai waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ke karya dafin.

Amma fa abin da ƙara, ga ƙarni. Mai ɗakina ta yi magana har ta gaji. Da damanar 2022 sai Inna ta zo daga ƙauye neman maganin ido. Kwananta biyu ta kira ni, ta ce, "Kai yaron nan, wannan abu naka shi ba ya barci ne?" Maganar Inna kuwa ba a maimaita ta.

Gidan a kan gangare yake, saboda haka magini ya fitar da wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin falon, inda mu kan ajiye hatsi. Na roƙi mai gidan, ya yarda na huda daɓe, na zura tiyo biyu, na sauko da duron can. Ko da na kunna inji sai ya yi ta gurnani, ko ɗigo bai hau ba. Da na duba jikinsa sai na ga an rubuta iyakar ƙarfinsa ƙafa shida, ni kuwa ƙafa tara nake so ya hau. Na tafi kasuwar Minna na sayo babba, kuɗin da na tanada na yin takalmi suka tafi. Sa'an nan na yi wata dabara da na ga kamar ba wanda ya taɓa yin irinta: na tura bakin tiyon da ke kawo ruwa har kusa da gindin akwatin, don kada a ji ƙarar zubarsa. Falo ya yi tsit. Inna ta sa mini albarka.

Da tsakad dare aka ɗauke wuta. Da asuba ina alwala sai ga 'yata a guje, tana cewa, "Baba, ruwan kifi ya gudu!" Na tarar abin da ya rage bai fi yatsa huɗu ba. Karfasa shida sun juya ciki sama. Tarwaɗan kuwa ko a jikinsu, gama ita tarwaɗa tana iya shaƙar iska a sarari, karfasa ba ta jimrewa. Na sauka ƙasa, na iske duro ya cika ya tumbatsa, buhun dawar da Inna ta zo mana da shi yana zaune cikin ruwa tsamo-tsamo.

Abin kunya, ya ku 'yan'uwana malamai, ni ne mai koya wa yara kimiyya, amma sai da wani tsohon direba maƙwabcina ya buɗe mini ido. Ya dubi tiyon, ya yi dariya, ya ce, "Haba Malam, ai haka muke zuƙo mai daga tanki." Ashe! Muddin tiyo na cike, bakinsa guda na nutse, ɗayan kuma yana ƙasa da shi, ruwa ba zai daina bi ba sai iska ta shiga. Da inji ya tsaya, sai ruwa ya juyo ta hanyar da ya hau. Dā can bakin tiyon a sarari yake bisa ruwa, shi ya sa ko an ɗauke wuta ba abin da ke faruwa. Ni da hannuna na nutsar da shi.

Maganin kuwa bai ci ko kwabo ba. Tsohon ya gasa ƙusa, ya huda tiyon inci guda ƙasa da fuskar ruwa, yadda in ruwa ya ja kaɗan iska za ta shiga ta yanke shi. Ya kuma sa na rage ruwan duro, na bar sararin garwa biyu. Muka kashe inji da gangan har sau uku, muna tsaye muna kallo, kowane karo ruwa ya tsaya daidai kafar. Har yanzu kowace Asabar na kan tsokace ta da tsinke, don gansakuka tana toshe ta.

Dawar nan kwana uku muna shanya, duk da haka rabi ta tsira. Inna ba ta ce mini uffan ba, sai ranar da za ta koma ta ce wa mai ɗakina, in an sake kawo hatsi a ajiye shi a ɗakinta.