Mai zane a gidan biki

Pieter Bruegel Babba ya rasu a Buruksel a shekarar 1569. Karel van Mander, wanda ya rubuta tarihin masu zanen yankin Holan da Beljiyam na yau a 1604, ya ce Bruegel da abokinsa ɗan kasuwa, Hans Franckert, sukan sa tufafin manoma su fita ƙauyuka ranar biki. Sukan riƙe gudummawa, su ce su dangin ango ne ko na amarya.

A Kornaka wannan dabara ba za ta kai azahar ba, domin tsohuwar farko da ta gan su sai ta tambayi ɗiyan wane ne. Ƙaryar dangantakar ba ta burge ni ba. Gudummawar ce ta tsaya mini a rai. Mutumin ya zauna, ya ci abin da aka ci, shi ya sa idonsa ya kama abin da mai wucewa ba ya gani. A zanensa na bikin auren ƙauye, wanda ke Biyana, a kan ƙyauren ƙofa da aka cire ake ɗauko kwanonin abinci, ga dammunan hatsi a bango, ga wani yaro can ƙasa yana lasar yatsa.

Mu malamai, idan kaka ta yi muka fita da ɗalibai ƙauye, littafi da alƙalami kawai muke riƙewa. Mu tsaya bakin rumbu mu yi ta tambaya, a dama mana fura, mu sha, mu juyo kafin la'asar. Da yawa daga yaran nan kuwa a irin gidajen aka haife su, amma sai ka ga suna tsaye bayanmu kamar baƙi.