Magaryar Iya

A gidanmu da ke Gadarif akwai wata darbejiya da ta rufe tsakar gida da inuwa. A gefenta na dasa magarya, domin kakata Iya ta ce idan ta cika, da ganyen bishiyar gidanta take so a yi mata wanka, ba na kasuwa ba. Iyayenta daga ƙasar Kano suka taso da niyyar hajji, guzuri ya ƙare a hanya, suka zauna nan suna noman dawa da riɗi.

Ƙasarmu baƙar laka ce. Da damina ta riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe, da rani ta tsattsage har hannu ya shiga. Sai na haƙa rami, na cika shi da yashi da takin awaki. Magaryar ta kama, amma shekara uku ko ɗa ɗaya ba ta yi ba. Iya ta ce, "Ɗan nan, magarya rana take so. Sare reshen can da ya tare ta."

Na yi ta jan ƙafa, don tun da yaƙi ya ci Wad Madani a Disambar 2023, a inuwar reshen nan 'yan uwanmu da suka gudo suke yini. Wata safiya wani dattijo cikinsu ya ɗauki gatari ya sare shi da kansa, ya ce, "Mu sai mu ja tabarma gaba, ita kuwa ba ta da ƙafa."

Iya ta rasu kafin magaryar ta yi fure, Allah ya jiƙanta. Da ganyenta aka yi mata wanka. Bana yaran baƙinmu ne suke wawar 'ya'yanta na farko.