Wa Ke Shiga Manazarta?

Yawancin kundayen da ke zuwa hannuna tsarin APA suke bi wajen kawo madogara. Ba ni da ja da shi a nazarin harshe. Idan aka rubuta Bargery (1934) ko Newman (2000), kowa ya san inda aka dosa, shekarar kuma ta nuna ra'ayin da ya riga wani. Masana halayyar ɗan'adam na Amurka ne suka tsara shi, kuma a fanninsu sabuntar bincike ita ce abin dubawa.

Damuwata tana ga adabin baka. A ƙa'idar APA, hirar da ba a adana ta inda mai karatu zai iya samunta ba, a cikin matani kawai ake ambatonta, ba ta shiga manazarta. Ke nan tsohon maroƙin da ya kwashe kwana uku yana warware wa ɗalibi zambon da ke cikin waƙar fada ba zai fito a jerin ba, amma wanda ya taɓa zancen a sakin layi ɗaya na wata maƙala zai samu gurbinsa. Wannan rabo bai yi mini daɗi ba. Haka rubutun ajami: sau da yawa babu maɗaba'a, shekarar ma tana ɓoye cikin ramzi da lissafin Hijira, kuma wanda ya kwafa daban yake da mawallafi. Ina za a cusa duk wannan a cikin baka biyu?

Ga kuma batun suna. Tsarin yana neman sunan dangi, mu kuwa sau da yawa sunan uba ne ko na gari. Sa'adu Zungur ya koma "Zungur, S.", wato sunan wuri ya zama mawallafi. Bugu na bakwai, na 2019, ya ma cire garin maɗaba'a, alhali kalmar "Zariya" kaɗai tana gaya wa manazarcin Hausa abubuwa da yawa.

Saboda haka, a aikin waƙa da tarihin baka na fi karkata ga tsarin Chicago mai bayani a ƙasan shafi, duk da cin wurinsa. Idan mujalla ta dage sai APA, nakan bi, domin gidan mutum ba a shigarsa da ka'idar wani. Sai dai nakan roƙi edita ya bar mini shafi guda bayan manazarta, in jera waɗanda aka yi hira da su, da garinsu, da sana'arsu, da ranar da muka zauna.