Jan Fentin Falun da Makubar Baturiya

Gidajen katako da yawa na karkarar Suwidin launinsu ɗaya: ja mai duhu, da fari a kusurwoyi da bakin tagogi. Jan ya samo asali ne daga tarkacen mahaƙar tagulla ta garin Falun, inda ake sarrafa shi don kasuwa tun 1764. An rufe mahaƙar a 1992, amma har yau daga tsibin ƙasarta ake ɗibar launin. Dafa fentin ake yi da ruwa da garin wani dangin alkama da ɗan mai. Idan ka shafa bangon da ya kwana biyu, jan gari zai biyo tafin hannunka. Haka ake son sa, domin ba ya toshe katako. Laima ta shiga, ta sami hanyar fita. In ya koɗe, a kakkaɓe da buroshi a sake shafawa.

Mai fenti a Suwidin kafin ya tambayi launi, sai ya tambayi irin katakon da kuma ɓarin da ruwa ya fi duka. Tsofaffin maginanmu ma haka suke. A Baturiya da sauran garuruwan fadamar Haɗeja, kowa ya san bangon gabas ne ke shan dukan hadari, gindin katanga kuma na tsotsar ruwan da ke kwanciya a watannin Agusta da Satumba. Maganinsu makuba ce: a jiƙa ɓawon ɗorawa, a kwaɓa ƙasa da ruwansa, a yi yaɓe kafin damina ta faɗi. A birane irin su Kano, masu hali kan yi laso da katsin marina da gashin jima. Can da nan, abin da wata sana'a ta zubar shi ke kare gida.

Inda muka rabu shi ne mutanen Suwidin sun riƙe nasu, mu kuwa mun koma lafta siminti a kan ginin ƙasa, mu bi shi da fentin mai don ƙyalli. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau. Ruwa ya bi tsaga ya shiga, ya rasa mafita, ƙasar ta jiƙe ta ciki, sai a wayi gari filasta ta ɓamɓaro fai-fai.

Ginin bulo ya karɓi fentin kanti, matuƙar an bar filastarsa ta bushe sarai. Ginin ƙasa kuwa yaɓe yake so, da gyaran indararo, da ɗaga daɓen gindi. Mai shirin gyara a bakin fadama ya fara da waɗannan, launi ya zo daga baya.