Ɗan Saga: inda samari ke renon icce a gona

Wannan wata mun kai ziyara Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, jahar Maraɗi. Daga Maraɗi mota tana bin babbar hanya ta gabas, ta wuce Cadawa, ta sauke ka Agye. Daga nan sai a yi arewa cikin rairayi.

Abin da ido ke fara gani shi ne icce a tsakiyar gonaki. Ga gawo, ga kalgo, ga sabara, ga aduwa. Ba dashe ba ne. Tsofaffin kututture ne suka yi toho, masu gona suka bar su suka girma. Ana kiran wannan aiki sassaben zamani.

Dattawan garin sun ce da ba haka wurin yake ba. Bayan farin 1973 da na 1984, wanda ake kira El Buhari, fili ya zama fayau. Iska tana binne shuka, sai mutum ya yi shuka sau biyu ko uku. Mata suna dafa tuwo da kara da kashin shanu. A lokacin kuma doka ta sa icce a hannun gwamnati, wanda ya sari reshe a gonarsa ana iya cin sa tara. To, wa zai reni abin da ba nasa ba? A 1983 wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara nuna wa manoman Maraɗi amfanin barin toho. Sannu a hankali abin ya bazu, har masu bincike suka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

Amma samari da ƴan mata muka zo gani, masu shekara 13 zuwa 19. Su ba su ga 1984 ba, labari suke ji a bakin kakanni. Abin da suka gani da idonsu shi ne damana mai ruɗu: ruwa ya makara, ko ya ɗauke hatsi na cikin bununi, ko ya zubo rana ɗaya kamar da bakin ƙwarya. A 2024 ambaliya ta kashe mutum sama da 300 a Nijar, ta kada tsohon masallacin Damagaram, har aka ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba. Yaron da ya ga haka ba ya bukatar a rantse masa cewa yanayi ya sauya.

Mun zauna da su ƙarƙashin wani gawo, muka tarar ra'ayinsu ba ɗaya ba ne. Ƴan lakwal sun ji daga mushe cewa hayaƙin fetur da gawayin ƙasa da manyan ƙasashe ke ƙonawa yana taruwa a sama, yana riƙe zafin rana kamar bargo. Wannan gaskiya ne. Wasu sun ji a radiyo ko sun gani a salula. Akwai kuma waɗanda hankalinsu ya riga ya tafi Kano ko Libiya, suna ganin noma ya ƙare. Ba mu zarge su ba, gonar gado in an raba ta tsakanin ƴaƴa takwas ba ta cika rumbu.

Abin da muka lura shi ne wannan: yaron da ubansa ya ba shi adda ya ce ga toho ka gyara, maganarsa ta bambanta da ta wanda ya ji labari kawai. Na biyun yana cewa abin ya fi ƙarfinmu. Na farkon sai ya ja hannunka ya nuna maka iccensa.

Ga yadda suke yi. Lokacin sassabe ba a aske kututture duka. A zaɓi toho biyu zuwa biyar masu ƙarfi, a sare sauran. A datse ƙananan rassa na ƙasa da adda mai kaifi, ana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Rassan da aka cire ƴan mata su kai murhu. Gawo kuwa sun fi ji da shi, don yana zubar da ganye da damana, ba ya tare wa hatsi rana, da rani kuma ƴaƴansa abincin bisashe ne.

Wahalar aikin ita ce tsaro. Akuya tana cin toho, mai sara yana zuwa da dare. Shi ya sa garin ya kafa kwamitin tsaron icce, da maza da mata da makiyaya a ciki. Sa makiyaya dabara ce mai kyau, don da yawa yaran da ke bin garke su ma samari ne, kuma su suka fi kowa sanin inda aka yi ɓarna.

Iccen Ɗan Saga ba zai hana hayaƙin Amurka da Sin tashi ba, yaran ma sun san haka. Amma yana karya iska, yana riƙe ƙasa, in hatsi ya gaza a sayar da reshe a sayi tiya. A 2020 gwamnati ta fitar da doka a kan sassaben zamani, mai tabbatar wa manomi amfanin iccen da ya rena. Mun roƙi ƴan lakwal su karanta wa iyayensu ita, mu ma za mu kawo ta ajin yaƙi da jahilci kafin sassabe mai zuwa.