Daga Zauren Alƙali Zuwa Kundin Tsarin Mulki

Kafin shekarar 1968, duk wanda aka danne wa gado ko aka riƙe wa bashi a Arewacin Nijeriya, gaban alƙali yake nufa, alƙalin kuwa ma'aikacin En'e ne. Sarki ke zaɓensa, baitulmalin En'e ke biyansa albashi, 'yan doka ke kai sammacinsa. An kasa kotunan aji huɗu, daga A zuwa D, kuma majalisar shari'ar manyan sarakuna irin na Kano da Sakkwato tana da ikon yanke hukunci har na kisa. Lauya ba shi da wurin tsayawa a ciki. Kowa da bakinsa yake magana, sai fa wanda ya wakilta wani nasa.

Wanda bai sani ba sai ya ɗauka son rai kawai ake yi a zauren. Ba haka ba ne. Akwai ƙa'idojin sauraron ƙara na mazhabar Malikiyya, waɗanda alƙalai suka karanta a Muhtasar na Halil da Tuhfa ta Ibnu Asim, wasu a zaurukan iyayensu, wasu a Makarantar Shari'a ta Kano da aka buɗe a 1934 da malamai daga Sudan. Aikin farko na alƙali shi ne ya gane wane ne mai da'awa, don ba kullum wanda ya riga zuwa ba ne. Mai da'awa shi ne wanda maganarsa ta saɓa wa asali ko al'ada, kuma shi zai kawo hujja. A sha'anin dukiya, shaidu maza biyu adalai sun isa, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya haɗe da rantsuwar mai da'awa. In babu shaida, wanda ya musa ya yi alwala ya rantse. In ya noƙe, a mayar wa mai da'awa rantsuwar. Abokin shari'a yana da damar sukar shaida, ya nuna ƙiyayya ko dangantaka ko wata fa'ida da mai shaidar zai samu. Wanda ya zuba ido bare yana noma gonarsa shekara goma bai ce uffan ba, alhali babu abin da ya hana shi magana, hauzi ya rufe masa baki. Kafin hukunci kuma dole a yi i'izari, a tambayi wanda shari'a ke shirin kayarwa ko yana da sauran hujja. Har yau kotunan sama suna rushe hukuncin da aka yanke ba tare da shi ba.

Ke nan ba ƙa'ida aka rasa ba; abin da aka rasa shi ne alƙalin da ba ya waiwayar fada. A shekarun 1950, 'yan jam'iyyar NEPU sun ɗanɗana kuɗarsu a waɗannan kotuna, ƙananan ƙabilu kuma suka kai kukansu gaban kwamitin Willink. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat. Daga shawararsu aka samu dokar Final Kod da ta soma aiki a 1960, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda Sheikh Abubakar Gumi ya zama Girandi Kadi ɗinta a 1962. Tsarin mulkin samun 'yancin kai ya zo da babin haƙƙin ɗan'adam, amma alƙali yana nan a hannun En'e. Sai a zamanin Gowon, da dokar kotunan yanki ta soma aiki a 1968, aka rufe kotunan sarakuna, aka mayar da alƙalai ƙarƙashin ɓangaren shari'a na jiha. A nan talaka ya koyi cewa Eriya Kotu da Afa Eriya.

Tsarin mulkin 1979 ya ƙara tura lamarin gaba. An sha dambarwa a majalisar da ta tantance shi, har wakilai Musulmi da dama suka fice a watan Afrilun 1978 kan batun kafa kotun ɗaukaka ƙarar Shari'a ta tarayya. Aka sasanta a kan cewa duk jihar da take so ta kafa tata, a kuma sa aƙalla alƙalai uku masana shari'ar Musulunci a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya. Sashe na 33 ya tabbatar wa kowa a saurare shi cikin adalci, kundin kuma ya ɗora kansa bisa kowace doka. Da wannan makami ne manyan kotuna, a shekarun 1980, suka karya dokokin da suka hana lauyoyi shiga kotunan alƙalai.

An samu riba, amma ba kyauta ba. Sashe na 277 na kundin 1999 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga aure, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. Sau da yawa rikicin gona ko na ciniki yakan bi ta can, a shekara da shekaru ana kai da kawo, daga ƙarshe kotun sama ta ce babu hurumi, a koma farko. Ƙarar da a da ake gama ta kafin azahar, yanzu ɗage zama kaɗai kan cinye damina biyu, kuɗin lauya kuma ya cinye amfanin gonar.

Babu mai hankalin da zai nemi a mayar da alƙali hannun sarki. Sai dai sashe na 36 na kundin 1999 da ya yi alkawarin adalci, shi ne kuma ya ce a saurari ƙara cikin lokacin da ya dace. Rabin farko an yi nisa da shi tun 1968. Rabi na biyu bashi ne da har yanzu talaka ke bin kotunan ƙasar nan.